An nemi in tsara kayan tarihin wani bikin al'adu ba tare da biya ba, shin in karɓa?

Ɗalibar Tarihi, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen tarihi, kuma wata ƙungiyar sa-kai a nan Katsina, wadda ke shirya bikin fasahar gargajiya duk shekara inda makaɗa da marina da dukawa da 'yan wasan kwaikwayo ke baje kolinsu, tana neman ɗalibai biyu da za su tsara mata kayan tarihinta na tsawon wata uku. Babu albashi, babu alawus, sai takardar shaida idan an kammala. Na je na ga kayan da idona. Kwalaye ne jibge a wani ɗaki bayan ofis, gara ta fara cin gindin na ƙasa, ga wani buhun shinkafa cike da kaset-kaset waɗanda yawancinsu babu rubutu a jikinsu, ga kuma hotunan da damshin damina ya manne su da juna. Aikin ya kwanta mini a rai, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Napep zuwa da dawowa ya zama abin lissafi a gidanmu. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Tsohon Ma'aikacin Adana Takardu:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin batun kuɗi, ki tambaye su wanda zai koya miki aikin, domin idan babu wanda ya san shi a cikinsu, to ba horo suke bayarwa ba, hannu suke nema kyauta. Wannan sana'a tana da ƙa'idojin da mai kyakkyawar niyya kan karya cikin rashin sani. Ba a wargaza tsarin da aka tarar da takardu a kai don a jera su yadda ya yi wa ido kyau, saboda takardar gayyata da rasit da hoton da suka fito daga ambulan guda suna ba da labarin juna, kuma da zarar an raba su labarin ya tafi. Ba a rubutu da biro a bayan hoto, sai da fensir mai laushi. Ba a liƙe yagaggiyar takarda da salatif, domin bayan 'yan shekaru zai bushe ya faɗi ya bar tabo. Hotunan nan da suka manne kuma, don Allah kada ki ɓamɓare su da ƙarfi.

Kaset ɗin ne suka fi damuna. Zafinmu na Afrilu da ƙurar hunturu suna lalata zaren kaset, rediyo mai kyau da za a saka shi ma ya yi wuyar samu, kuma tsohon zare yana iya tsinkewa a juyi na farko. Saboda haka ranar da za a saurare shi, a ranar ya kamata a kwashe sautin zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi uku, ɗaya a wajen ginin. Sannan a zaunar da dattawan ƙungiyar su faɗi sunan makaɗi da shekara da wurin da aka yi wasan, tun suna raye. Idan ƙungiyar za ta nemi wani masani daga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha, ko daga gidan kayan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ya riƙa leƙo ku ko da sau ɗaya a mako, ki karɓa. Abin da za ki koya zai yi miki amfani ranar da bincike ya kai ki Gidan Arewa ko Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna.

Ɗan Daura:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma da izininsa ina da ja a wuri guda. Na taɓa yi wa wata ƙungiya irin wannan aiki lokacin Sallar Gani, na yi makonni ina ɗaukar hotunan tsofaffin takardu da wayata da datata, daga ƙarshe aka buga ɗan littafin biki babu sunana ko a shafin godiya. An biya mai rumfa, an biya mai lasifika, an sallami maroƙa, sai mai adana tarihi ne kaɗai aka ce ya yi don Allah. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, ɗan bautar ƙasa ma yana karɓar 77,000, to me zai hana a ware wa ɗaliba kuɗin mota da na abincin rana? Irin wannan tsari 'ya'yan masu hali kaɗai yake buɗe wa ƙofa. Ƙanwata, ki nemi a rubuta kwanakin aiki da kuɗin mota da yadda za a ambaci sunanki, a sa hannu.

Ma'ajiyar Wata Ƙungiyar Mata, Ƙofar Ƙaura:

Ni a ɓangaren masu riƙe asusu nake, kuma gaskiya ce masu ba da gudummawa sun fi son kuɗinsu ya tafi inda jama'a za su gani ranar biki, ba ɗakin kwalaye ba. Duk da haka kuɗin motar mutum biyu bai fi ƙarfin ƙungiyar da ke iya hayar kujeru ba, sau da yawa ba a sa shi a kasafi ne kawai saboda babu wanda ya tambaya. Ki rubuta wa shugaban kwamiti takarda cikin ladabi, ki nemi kwana uku a mako maimakon biyar don kada karatunki ya taɓu. Ki kuma tambayi ko makaɗan da ke cikin kaset ɗin, ko magadansu, sun yarda a ɗora muryoyinsu a intanet.

Ɗalibar Tarihi, Ƙofar Marusa:

Na gode Baba, na gode Yaya da Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Na rubuta takardar, gobe da safe zan kai ta. Na kuma roƙi mai gadin ofishin ya ɗora kwalayen a kan benci kafin su ba ni amsa.