Tunda maigidana yayi ritaya zaman gidan ya canza, dan Allah ku bani shawara

MaiHakuri:

Assalamu alaikum yan uwa. Ina neman shawara musamman daga wadanda mazajensu suka ajiye aiki, ko mazan da kansu in akwai su anan. Maigidana yayi ritaya bara, mun haura shekara talatin tare kuma tsakani da Allah mutumin kirki ne, bai taba daga min hannu ba bai taba gaza mana ba, yara duk sun kama gabansu saura auta. Da can in ya fita da safe sai yamma, ni ke da gida, nasan lokacin shara da lokacin girki da lokacin da zan dan kishingida ko kawata ta leko muyi hira. To yanzu yana gida safe rana dare kuma komai sai yasa baki, waye ya bar fitila a kunne, ya akayi sabulu ya kare da wuri, da wa kike waya tun dazu, har firij yake budewa yana duba me ya ragu, yarinyar dake tayani aiki ma ta gudu saboda fada. Abinda yafi damuna ma ba wannan bane, sai ya zauna gaban talabijin shiru kuma ba kallon yake ba, in nace lafiya yace lafiya lau, wayarsa da ada bata hutawa yanzu sai ta wuni ba wanda ya kira. Ni kuma na fara ciwon kai da rashin barci, in yace zai dan fita sai inji wani sanyi a raina kuma abin yana min ciwo don ina son mijina. Haka kowa ke fama ko mu kadai ne? Kuma ta ina zan taba maganar bai ga kamar na raina shi don albashi ya tsaya ba?

TsohonAkawu:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni na ajiye aiki da dan dadewa, bari in fada miki abinda shi ba zai fada ba. Namiji in ya shekara da shekaru ana gaishe shi a ofis, ana kawo masa fayil yasa hannu, ana jiran yace eh ko a'a, rana daya sai ace ga takardarka Allah ya bada lada, washegari ya tashi da sassafe kamar yadda ya saba amma ba inda zashi, wallahi wannan safiyar ta farko ba karamin abu bace. Mutanen da kake zaton abokanka ne sai ka gane kujerar suke gaisarwa. To duk wannan iya tsara abu da bin diddigi da ya saba bai mutu ba, yana nan a jikinsa, kuma wajen da ya rage masa yayi amfani dashi shine gidanki. Kirga sabulun nan ba sabulun bane damuwarsa, rabi neman abin yi ne rabi kuma tsoro, domin fansho baya kai albashi kuma kullum yana lissafi a ransa ko abinda ke hannu zai kai su karshe. Ki tambaye shi kai tsaye nawa ke shigowa nawa ke fita, ku zauna ku rubuta tare, zakiga rabin fadan ya ragu. Sannan ki bar masa wani bangare ya zama nasa shi kadai, biyan kudin wuta da ruwa, gyare gyaren gida, karatun auta, kada ki sa masa baki a ciki ko da kinga da ke ce da ba haka zaki yi ba. Shi kuma kicin ya fita daga hannunsa.

MalamarJinya:

Anti ba ku kaɗai ba ne, abin nan har suna gare shi a wajen likitoci, Retired Husband Syndrome, wato ciwon da ke kama mace in mijinta ya yi ritaya. A Japan wani likita Nobuo Kurokawa ya yi bayaninsa a 1991, bayan ya lura matan da mazajensu suka yi ritaya suna ta zuwa masa da hawan jini, gyambon ciki, ƙuraje, rashin barci da ƙuncin rai, kuma in aka bi sawu sai a tarar ciwon ya taso ne daga lokacin da mijin ya dawo zaman gida. Mazan can sun saba raba dare a wajen aiki, sai mata da miji su tsufa ba su san juna sosai ba. Don haka ciwon kan nan naki kada ki raina shi, ki je a auna jininki.

Akwai kuma wani masani ɗan Amurka Robert Atchley da ya kasa ritaya mataki mataki, farko murna da hutu, sai wani lokaci na sanyin gwiwa da jin ba a da amfani, sannan mutum ya sake tsara rayuwarsa ya samu natsuwa. Daga bayaninki Baba yana cikin na tsakiyar ne, kuma yawanci ana fita. Amma shirun nan nasa shi ya fi tsaya min a rai. In ya kai sati 2 ko fiye baya jin daɗin komai, barcinsa ko cin abincinsa ya canza, ya daina kula da wanka da sutura, ko yana cewa shi kam ya gama amfani, to wannan ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa, ba lalaci ba ne ba kuma rashin tawakkali ba. Maza masu shekaru ba kasafai suke cewa suna cikin damuwa ba, sai dai ki ga faɗa da saurin fushi. In za ku je asibiti a duba suga da jini, a duba kunnensa ma, da yawa ana cewa sun zama miskilai alhali ji ne ya ragu.

Dan_Dattijo:

Ni dai Hajiya hakuri zan baki. Bawan Allah nan ya kare karfinsa yana nema muku, yanzu da ya dawo ya huta kuma ace ya takura? Zo mu zauna zo mu saba ne, ki kara hakuri kawai.

UwarBiyu:

Malam Dan_Dattijo ba wanda yace bai wahala ba, amma ita fa? shi yayi ritaya ita yaushe zatayi nata, girkin nan da wanki da shara ba'a sallamar mutum daga su, hasali ma aikinta karuwa yayi tunda yanzu har abincin rana sai an shirya na musamman ga shayi ga baki. Hakurin da ake hadiye magana shi yake komawa hawan jini. Kuma kada a dauka dadewar aure na hana shi rushewa, a Amurka binciken Susan Brown da I-Fen Lin na 2012 ya nuna sakin aure tsakanin masu shekara 50 zuwa sama ya ninka daga 1990 zuwa 2010, Japan kuwa a 2007 suka fara dokar da ta ba mace damar samun har rabin fanshon miji in sun rabu. Mutane ne da suka hadiye abu shekaru suna cewa saboda yara, yara na watsewa sai aka rasa abin fada wa juna.

Yaya MaiHakuri abinda ya taimake ni da namu ya dawo gida, ban bar harkokina ba, ranar da nake zuwa wajen yan uwa da kawaye tana nan kuma na fada masa tun farko cikin ladabi. Shima na dinga tura shi, akwai yaran unguwa da yake koya wa lissafi da yamma kyauta, in ya dawo sai kiji yana bada labarinsu fuskarsa a sake. Kuma muna dan tattaki tare da safe, a hanya ne yake fadin abinda baya iya fada in muna zaune ido cikin ido.

MaiHakuri:

Nagode kwarai Allah ya saka da alheri. Maganar kudin nan ta taba ni don gaskiya bansan nawa yake karba ba, bai taba fada ba nima ban taba tambaya ba. Baba TsohonAkawu in na tambaya ba zai ga kamar ina masa bincike ba? yana da saurin daukar abu da zafi kwanan nan.

TsohonAkawu:

Zai iya gani haka in kika tambaya lokacin da ake cikin fadan sabulu. Ki bari sai ya ci ya natsu ku biyu kadai, auta ma baya wajen, ki fara da naki bangaren, kice Alhaji ga abinda nake kashewa a wata ina so ka duba min inda za'a rage tunda kai ka san lissafi. Ki mika masa takardar da biro. Da wuya ya duba naki bai fito da nasa ba, in ma bai fito dashi ranar ba kada ki matsa, ki sake dawowa da takardar karshen wata. Maganar asibiti kuma kice ke zaki je awon jini ya raka ki, in kun isa sai a auna ku duka.