Yaya ake daidaita launin hular haƙori da na sauran haƙora?

Mai neman sani:
Assalamu alaikum. Ɗaya daga cikin manyan haƙorana biyu na gaba ya tsage, kuma likita ya ce sai an sa masa hula ta tangaran. Abin da ke damuna shi ne na sha ganin mutanen da haƙori guda ya fita daban a bakinsu, ya yi fari fat ko ya dusashe, da zarar sun yi murmushi ido zai sauka a kansa. Ta yaya ake zaɓen launin, kuma me ya kamata in yi kafin ranar?

Likitan haƙori:
Wa alaikis salam, Malama. Damuwarki tana kan hanya, domin a aikinmu babu abin da ya kai daidaita haƙorin gaba guda ɗaya wuya, tun da ɗan'uwansa na nan a gefensa ana kwatanta su.

Muna da wani jeri na ƙananan haƙoran gwaji da muke karawa a jikin haƙorin mutum. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne VITA Classical na wani kamfanin Jamus, mai launuka 16 daga A1 zuwa D4: rukunin A ya karkata ga ruwan ƙasa mai ja-ja, B ga rawaya, C ga ruwan toka, D kuma ruwan toka ne mai ɗan ja. Lambar da ke biye da harafin tana nuna ƙarfin launin. Amma abin da idon mutane ya fi saurin kamawa shi ne haske ko duhun haƙorin, shi ya sa jerin da kamfanin ya fitar daga baya, wato 3D-Master, yake farawa da tantance haske kafin a zo kan launi.

Ana zaɓen ne tun farkon zama, kafin a fara feƙe haƙorin, saboda haƙori idan ya bushe yakan ƙara fari, kuma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya koma yadda yake. Ba a kuma ƙura masa ido fiye da daƙiƙa 5 zuwa 7, domin ido yana gajiya. Sai a huta a kan wani abu mai ruwan toka a sake dubawa. Ki goge jan baki, kada kuma ki sa tufa mai launi mai ƙarfi a ranar.

Mai ƙera haƙora:
Bari in ɗora a kan bayanin Likita, domin a hannun irinmu hular take fitowa. Idan aka aiko mana da takarda an rubuta A2 kaɗai, gaskiya an bar mu da lalube a duhu. Haƙori ba launi ɗaya ba ne daga sama har ƙasa: kusa da dasashi ya fi rawaya saboda farin ɓawon da ke lulluɓe da shi siriri ne a wurin, launin cikin haƙorin yana bayyana, bakinsa kuwa haske yana ratsa shi har ya yi kamar shuɗi-shuɗi. Wasu suna da fararen ɗigo ko siraran layuka, kuma duk sai mun kwaikwaye su, muna jera tangaran hawa-hawa muna gasawa.

Saboda haka muna son hoto, da haƙorin gwaji a kare kusa da na gaskiya, da kuma launin kututturen da ya rage bayan an feƙe. Idan kututturen ya yi duhu, kamar yadda yakan faru ga haƙorin da aka cire wa jijiya, tangaran mai ratsa haske zai nuna duhun, sai a koma ga zakoniya, wani nau'in tangaran mai ƙarfi da ya fi rufe duhun. Akwai na'ura mai auna launi, irin su Easyshade, tana taimakawa ƙwarai, sai dai ba ta ganin santsin haƙori da ƙyallinsa kamar ido. Idan da hali, ki nemi a haɗa ki da wanda zai ƙera hular ya gan ki da idonsa.

Uwar biyu:
'Yar'uwa, ni kuskurena shi ne sai da aka sa mini hula sannan na je aka faranta sauran haƙorana da maganin ƙara fari. Maganin ba ya kama tangaran, sai hular ta koma ita ce mai duhu a bakina, dole aka sake wata. Idan kina da niyyar farantawa, ki fara yin ta, ki jira kamar mako 2 launin ya zauna.

Likitan haƙori:
Haka ne. Sannan ranar sawa, ki roƙa a gwada miki kafin a manne, ki ɗauki madubi ki je bakin taga, domin abubuwa biyu suna iya yin daidai a ƙarƙashin fitilar asibiti su bambanta a hasken rana. Idan bai kwanta miki ba ki faɗa a lokacin, ana iya mayar da ita a gyara launin. Bayan an manne kuwa, yawanci sai an yanke ta kafin ta fita.