Laftof ɗina ya ƙi hawa Wi-Fi na jami'a, a taimaka min da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni sabon ɗalibi ne a nan Madina, sati uku ke nan da isowata. Laftof ɗina HP ne na hannu, mai Windows 10, a Kano na saye shi. Yana ganin Wi-Fi na jami'a sarai, amma da na sa lambar ɗalibi da kalmar sirri sai ya yi ta juyawa, daga baya ya ce ba zai iya haɗawa ba. Abin da ya ɗaure min kai, wayata ta hau da lambar nan da kalmar nan. In na jona laftof ɗin da datar STC ta wayata kuma yana hawa, sai dai riyal ne ke ta zurarewa, ga bahasi zan miƙa ranar Lahadi. Don Allah wanda ya sani ya agaza.

Ɗan aji uku: Wa alaikumus salam akhi, barka da zuwa. Ka canza kalmar sirri bayan rajista? Windows kan riƙe tsohuwar ya yi ta turawa. Danna dama a kan sunan Wi-Fi ɗin, ka zaɓi Forget, ka shigar da komai sabo. In kana da VPN kashe shi tukuna.

Mai tambaya: Na yi hakan sau biyu Malam, babu canji. VPN kuma ban taɓa sawa ba.

Wani daga sakan (masaukin ɗalibai): Cunkoso ne kawai. Bayan isha'i kowa ya dawo daga Harami ya hau, musamman masu tsofaffin kwamfutoci da zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa. Gwada bayan asuba.

Yayanmu na digiri na biyu: Ban ga alamar cunkoso a nan ba. Cunkoso yakan bar ka ka hau, sai intanet ya yi nauyi, ko ka rubuta ipconfig (umarnin da ke nuna adireshin kwamfutarka a kan Wi-Fi) ka ga lambar da ta fara da 169.254, wato Wi-Fi ɗin bai ba ka adireshi ba. Shi wannan tun a ƙofa ake korar sa. Ƙanena, duba kwanan wata da ke ƙasan allonka ka faɗa min. Dalilina shi ne Wi-Fi mai neman suna da kalmar sirri ba irin na gida ba ne. Kafin kwamfutarka ta miƙa kalmar sirrinka, sai sabar jami'a, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga, ta nuna mata satifiket na shaidar cewa ita ce ta gaskiya, kuma satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogonka ya koma baya da shekaru, kwamfutar za ta ga satifiket ɗin lokacinsa bai yi ba, ta ƙi shi. Datar waya ba ta wannan tantancewar, shi ya sa kake hawa.

Mai tambaya: Allahu Akbar! Yaya, Janairun 2016 yake nunawa. Na gyara da hannu, na mai da yankin lokaci na Riyad, ya hau nan take. Ashe ma agogon Najeriya nake kai, awa biyu a baya. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Yayanmu na digiri na biyu: Amin, mun gode Allah. Amma zai sake komawa baya, domin ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikin kwamfutar ne ya mutu, yawanci irin CR2032 ne, wani da 'yar waya a jikinsa. Kai wa mai gyara ya canza, ba shi da tsada. Sannan ina roƙonka, in wani ya ce ka cire alamar tantance satifiket don ka huta, kar ka yarda. Kowa na iya kunna Wi-Fi da sunan na jami'a a ɗakinsa, kuma kalmar sirrin da za ka ba shi ita ce ta imel ɗinka da shafin sakamakonka.

Mai tambaya: In sha Allah gobe bayan la'asar zan kai shi. Bari in koma kan bahasin.