An ga ƙari a ƙasan huhun dama na mahaifinmu, me ya kamata mu fara yi?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Mahaifinmu, mai shekara 64, yana fama da tari da rama. An gwada kakinsa babu tarin fuka, sai hoton CT (hoton na'ura mai nuna cikin jiki daki-daki) ya nuna ƙari mai santimita 4 a ƙasan huhun dama. Sankara ce kenan? Kuma wannan wurin ya fi sauran haɗari?

Likitan ƙirji: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Hoto kaɗai ba ya tabbatar da sankara, sai an ɗebo ɗan nama an duba. In ƙarin na kusa da hanyar iska, ana zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki. In yana gefe kusa da haƙarƙari, allura ake sokawa ta baya ana kallon CT. Illar allurar ita ce iska kan iya shiga tsakanin huhu da haƙarƙari, shi ya sa ake sake ɗaukar hoto kafin a sallami mutum.

Huhun dama sashi uku ne, na hagu biyu. Na ƙasan nan ya fi karkata ga baya, yana zaune kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, hanta na ƙarƙashinsa. Ƙari kan ɓuya a nan a hoton ƙirji na gama-gari, ciwon kuma ya fito a baya ko kwiɓi har a zaci na hanta ne. Don Allah kada a fara masa maganin tarin fuka bisa zato, wata shida ne za su tafi ƙarin na girma.

Likitar sankara: Ba wurin ne ke yanke hukunci ba, Malam, nau'in sankarar ne da inda ta kai. Sankarar huhu manyan nau'i biyu ce, mai ƙananan ƙwayoyin halitta da wadda ba haka ba. Kusan kashi 85 cikin 100 nau'in da ba na ƙananan ƙwayoyin halitta ba ne, shi ake yi wa tiyata in an tare shi da wuri. Mai ƙananan ƙwayoyin saurin yaɗuwa gare shi, kemo (magungunan kashe ƙwayoyin sankara) da gashin sankara da hasken na'ura aka fi yi masa.

Santimita 4 ba ta hana tiyata. Abin dubawa shi ne ko ta yaɗu zuwa kaluluwar tsakiyar ƙirji, sai hanta, ƙashi, ƙwaƙwalwa da halittar da ke saman ƙoda. In ruwa ya taru a ƙirji, a zuƙo a gwada; samun ƙwayoyin sankara a ciki mataki na 4 ne, wato na ƙarshe, tiyata ta fita daga lissafi. Ku nemi a yi wa naman gwajin EGFR da ALK, wato wasu sauye-sauye a ƙwayoyin gado na sankarar, domin in an dace akwai maganin haɗiya da ake sha kullum.

Likitan tiyata: In ba ta yaɗu ba, sashin ƙasan ake cirewa ɗungurungum tare da kaluluwar kewayensa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na huhu ke nan, don haka sai Baba ya hura na'urar auna numfashi a ga ko ragowar zai ɗauke shi. In yana shan taba ya bari yau, ko sati huɗu kafin tiyata ma na rage matsala. Bayan aiki za a bar bututu a ƙirji na 'yan kwanaki. Ya riƙa tari yana tattaki ko da zafi, don kakin da ya kwanta shi ke jawo nimoniya.