Wace kalma za mu sa wa fosforileshan?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara darasin da za a karanta a rediyo gobe kan yadda bairas ke hayayyafa a jikin mutum, kuma kalmar fosforileshan ta tsayar da ni. Abin da ke faruwa shi ne, wani sinadari mai suna kainas yakan ciro ɗan guntun sinadari da ake kira fosfet daga ATP, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwayoyin jiki, ya manna shi a jikin furotin, sai furotin ɗin ya sauya aiki. Don Allah a taimaka.

Malamar kimiyya: Wa alaikumus salam. Shawarata a ce "ɗaura fosfet", domin abin da aka ɗaura ana iya kwance shi, kuma wannan juyawar ce ta sa Edmond Fischer da Edwin Krebs suka samu kyautar Nobel a 1992. Furotin VP30 na bairas ɗin Ebola, idan an kwance masa fosfet, yana taya bairas fitar da saƙonnin da ake ƙera furotin da su, idan kuwa an ɗaura masa, sai aikin ya karkata ga ninka kwafin bayanan halittar da bairas ɗin ke gadar wa 'ya'yansa.

Tsohon ɗan jarida: Malama, ban gamsu ba. Me ya sa kullum sai mun aro? A ce "buga hatimi", tunda alama ce ake yi wa furotin. Hausa ba ta gaza ba, mu ne muke raina ta.

Malamar kimiyya: Ranka ya daɗe, babu mai raina Hausa a nan. Hatimi idan ya hau takarda ba ya sauka, alhali akwai sinadarin fosfatas wanda aikinsa ke nan cire fosfet. Kuma furotin na karɓar wasu alamomin da ba fosfet ba, to su kuma me za mu kira su?

Tsohon ɗan jarida: Yaranmu za su tashi da Hausa rabi da rabi, abin da nake gudu ke nan.

Mai fassara: Baba, mai sauraro na bukatar fahimtar dalilin da ya sa maganin maribavir, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, ke toshe kainas ɗin da wani bairas mai suna CMV (cytomegalovirus) ke ƙera wa kansa. Da ɗauri da kwancewa zan iya bayyana masa.

Tsohon ɗan jarida: To, ɗaurin na yarda da shi saboda darasin gobe. Fosfet kuwa har yanzu ina neman madadinsa.