Ɗana ya koma fitsarin kwance tun da muka baro ƙauye

Mai tambaya, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana na biyu shekararsa 8. Wata biyar ke nan da muka baro ƙauyenmu ta wajen Ɗansadau, bayan daren da 'yan bindiga suka shigo muka kwana cikin gonar dawa, yana riƙe da hannuna, ƙanwarsa a goye. Yaron da ya bar fitsarin kwance tun yana ɗan shekara 3, yanzu kusan kullum sai na shanya tabarma. In ya ji ƙarar mashin da dare sai ya zabura ya cakumi zanena, jiki na kyarma. Da can surutu kamar aku, yanzu sai in yi tambaya uku kafin in samu amsa ɗaya. Babansa ya ce sangarta ce, har ya mare shi sau biyu, shi ma na san zafin rashi ne ke cin sa. Inna ta ce iska ce ta taɓa shi a daji, muna tofi muna ba shi rubutu. Shekaranjiya na iske ya jera duwatsu yana ce wa ƙanwarsa "kwanta, sun zo". Na tsawata masa na watsar da duwatsun. Na yi daidai?

Ma'aikaciyar jinya, Kaura Namoda:
Wa alaikumus salam yar'uwa, Allah Ya kawo sauƙi. Ki fara kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, don cutar mafitsara da ciwon suga su ma suna jawo haka. In an ga lafiya lau, to firgici ne ya zauna masa a jiki. Yana barci abin ke faruwa, ba da gangan ba ne, duka kuwa tsoro yake ƙara masa. Ki lallashi maigida ya bari. Wata biyar ya isa likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi, kuma wannan ba ya nufin hauka. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Addu'a ku ci gaba da ita, ba ta hana magani.

Malamar firamare, Talata Mafara:
Zancen duwatsun ne ya tsaya mini a rai. Bayan ɗauke 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, ko da aka sako su 279, yaran ajina da ba su ga komai da idonsu ba sun daɗe suna wasan gudu da ɓuya. Na riƙa hana su. Daga baya na gane a cikin wasan suke faɗin abin da bakinsu ya kasa. In ya sake jera duwatsu, ki zauna kusa da shi ki ce "sai kuma me ya faru?" In ya yi shiru ki ƙyale shi. Kada ki ce masa babu komai, yana wurin, ya ga akwai. Ki ce "ni ma na ji tsoro daren nan, ga mu mun fito tare." Sannan don Allah a daina kunna bidiyon hare-hare na WhatsApp a gabansa. Yara suna ji ko sun yi kamar wasa suke.

Hajiya, Birnin Kebbi:
'Yata, jikana ya yi irin wannan. Kullum bayan isha'i lokaci ɗaya nake kwantar da shi, mu karanta Falaƙi da Nasi, in yi masa tatsuniya, in bar 'yar fitila a kunne. Da safe kada kowa ya san ya jiƙa shimfiɗa. Ke fa, kina samun barci?

Mai tambaya, Gusau:
Hajiya, wallahi ba na samu, ni ma mashin ke tashe ni. Na gode muku. Jiya na tattaro masa duwatsun na zauna. Bai ce komai ba, amma ya miƙo mini ɗaya ya ce "wannan ke ce". Litinin za mu je gwajin fitsarin, babansa ya ce shi zai kai mu.