Asubar Laraba, 1 ga Maris 2023: a ina sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya same ku?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum jama'a. Tunda an ɗage zaɓen gwamnoni zuwa 18 ga Maris, bari mu ji ta bakin juna kan na shugaban ƙasa. Ban da gardamar jam'iyya, mun ƙoshi da ita. Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa ranar 25 ga Fabrairu, da halin da ya shiga lokacin da shugaban hukumar zaɓe, Farfesa Mahmood Yakubu, ya karanto Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Sai kuma inda yake ganin muka dosa.

Ɗan kasuwa, Kano: Wa alaikumussalam. Mu tamu murnar mun yi ta tun kafin Laraba, da aka ji Madugu Kwankwaso ya kusa miliyan ɗaya a Kano. Jar hula ko ta ina. Da asuba muna fitowa daga masallaci wani yaro ya ce an sanar a Abuja. Ba wanda ya yi mamaki, dama mun san jiha ɗaya ba ta naɗa shugaban ƙasa. Kowa dai lissafin kujerar gwamna yake yi.

Malama, Kaduna: Ni ejan ce a akwatinmu. Ma'aikata sun makara, amma na'urar tantancewa ta yi aiki, wanda yatsansa ya ƙi sai a ɗauki fuskarsa. Bayan magariba aka ƙirga da hasken waya, ana ɗaga kowace ƙuri'a muna amsawa da baki. Aka cika takarda, muka sa hannu, aka ba ni kwafina. Sai aka zo turawa ta intanet: na sanata ya hau, na ɗan majalisar wakilai ya hau, na shugaban ƙasa ya ƙi. Yarinyar da ke riƙe da na'urar, 'yar bautar ƙasa ce, har ta fara hawaye don maza sun taso mata. Wallahi ba laifinta ba ne. Ni ban ce an canza adadin akwatinmu ba, kwafin yana cikin jakata har yau. Amma an yi mana alkawarin kowa zai ga sakamakon rumfarsa a wayarsa a daren, kuma da wannan alkawarin na ja matan layinmu suka fito. Yanzu da wace fuska zan koma musu ranar 18?

Mai buɗe zance: Malama, ai hukumar zaɓen da kanta ta fito ta ce tangarɗar na'ura ce.

Malama, Kaduna: Na ji, Malam. Tangarɗar da ta san ta tsallake zaɓe biyu ta kama na uku.

Direba, Legas: Mu 'yan Arewa a nan da zullumi muka kwana. Da aka ce Obi ya kayar da Tinubu a Legas da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba, ajiye mota na yi na koma ɗaki, don in rigima ta tashi baƙo ake fara nema. Alhamdu lillahi ba ta kai ga haka ba. Amma na ga abin da ban taɓa gani ba: samarin da ko labarai ba sa saurare sun tsaya a rumfa har dare suna gadin ƙuri'arsu.

Ɗalibi, Sakkwato: Ni ban yi zaɓe ba. Katina na garinmu ne, kuma ranar Juma'a babu takardar kuɗi ko ɗaya a aljihuna. Canjin kuɗi ya hana kowa sakat, mai POS babu tsabar kuɗi, a tasha kuma an ce ba a karɓar tiransifa. Ɗakinmu gaba ɗaya haka muka zauna muna bi ta rediyo. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Duk wanda ke cewa “'yan Najeriya sun zaɓa” ya tuna kusan kashi uku cikin huɗu muna gida.

Dattijo, Katsina: Yaro, Allah ya yi maka albarka, amma a 2019 babu canjin kuɗi, kuma kusan kashi 35 cikin ɗari ne suka fita. Ciwon ya girmi bana. A nan jihar Shugaba Buhari, Atiku ne ya zo na ɗaya, da ƙyar. Maƙwabcina da ya sayar da akuya ya yi walima a 2015, bana ko ƙofar gida bai leƙa ba.

Masu jiran kotu kuma, ni na ga 1979. Awolowo ya kai Shagari ƙara kan kashi biyu bisa uku na jihohi 19, Kotun Ƙoli ta bar Shagari. A 2007 marigayi 'Yar'aduwa da bakinsa ya ce zaɓen da ya kawo shi akwai gyara, kotu ta bar shi. Yanzu ga maganar kashi 25 cikin ɗari a Abuja, wanda Tinubu bai samu ba. Lauyoyi za su ci abinci. Amma ba a taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa a kotu ba a ƙasar nan, kuma ban ga alamar bana za a fara ba.

Ɗan kasuwa, Kano: Baba ya faɗi gaskiya. Kuma a tara ƙuri'un Atiku da Obi da Madugu, sun haura miliyan 14. A 2019 duka ukun suna PDP, Obi ma mataimakin Atiku ne. Ga Gwamna Wike da wasu gwamnonin PDP huɗu sun ja gefe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In sun sake fitowa a rarrabe a 2027, kada wanda ya zo mana da kukan maguɗi.

Malama, Kaduna: Alhaji, kai ma a tsagar kake, Kwankwaso ka zaɓa.

Ɗan kasuwa, Kano: Kuma gobe in ya fito shi zan sake zaɓa, Hajiya.

Direba, Legas: Ku bar 2027 tukuna. Kasafin bana zuwa watan Yuni kawai ya ware kuɗin tallafin mai, kuma Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce cire shi za su yi. Ni abin da nake lissafi ke nan tun ran Laraba. Malama, ki dai adana kwafin nan, ki kuma koma akwatinki ranar 18.